Wa Ke Naɗa Alƙalan Kotun Ƙoli, Kuma Su Wa Ke Taya Su Aiki?

Tambaya: Malam, ina yawan jin an ce shugaban wata ƙasa ya naɗa alƙalin Kotun Ƙoli, ko majalisa ta ƙi amincewa da wanda aka kawo mata. Shin a ko'ina shugaban ƙasa ne ke zaɓar waɗannan alƙalai? In haka ne, ta yaya wanda ka naɗa zai yanke hukuncin da bai yi maka daɗi ba? Sannan mutum tara ko goma sha wani abu, su kaɗai ne ke karanta dubban ƙararrakin da ke zuwa gabansu?

Amsa: A yawancin ƙasashe shugaban ƙasa ko sarki ne ke sa hannu a takardar naɗi, amma sa hannu daban, zaɓe daban. Sarkin Birtaniya yana sa hannu, sai dai sunan da ke kan takardar ba shi ya kawo shi ba, kuma ba ya canza shi. Shugaban Indiya ma haka. Shugaban Amurka kuwa da gaske shi ke zaɓa. Saboda haka idan kana son sanin yadda ake naɗa alƙalan ƙoli a kowace ƙasa, kada ka tsaya kan wanda ya rantsar da su. Nemi wanda ya fara kawo sunan, da wanda ke da ikon cewa a'a, da tsawon zaman da alƙalin zai yi, da wanda zai iya taɓa yawan kujerun kotun. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa da shi, kuma ta nan ɓarna ta fi shigowa.

Bari mu fara da Amurka, tunda labarinta ya fi yawo. Kundin tsarin mulkinta bai ce komai ba game da yawan alƙalan Kotun Ƙoli, bai kuma ce sai lauya za a naɗa ba. Majalisa ce ke ƙayyade adadin. A 1789 shida ne, a 1807 suka zama bakwai, a 1837 tara, a 1863 har goma, sannan a 1869 aka tsaya a kan tara, kuma a nan ake har yau. Idan gurbi ya samu, shugaban ƙasa ya gabatar da suna, kwamitin shari'a na majalisar dattawa ya gayyaci mutumin ya yi masa tambayoyi a bainar jama'a, sai zauren majalisar ya kaɗa ƙuri'a. Rinjaye mai sauƙi ya isa. Da zarar ya hau kujera, babu wa'adi, babu shekarun ritaya. Sai ya mutu, ko ya sauka don kansa, ko a tsige shi. Tsigewar kuwa sau ɗaya aka taɓa kai wani alƙalin kotun gaban majalisar dattawa a kanta, wato Samuel Chase, wanda majalisar wakilai ta tuhuma a 1804, dattawa suka wanke shi a 1805.

Wannan zama na har abada shi ne ya mai da kowane gurbi filin daga. William Douglas ya yi shekara 36 a kotun, daga 1939 zuwa 1975. An naɗa Clarence Thomas a 1991 yana da shekara 43, kuma ya haura shekara talatin a kan kujera. Ka ga ke nan shugaban da ya yi shekara huɗu a mulki zai iya barin mutumin da zai ci gaba da fassara doka bayan shugabanni biyar ko shida sun zo sun wuce. Sannan rabon ba shi da tsari, sa'a ce kawai. Jimmy Carter ya gama shekara huɗunsa bai naɗa ko ɗaya ba, Donald Trump a wa'adinsa na farko ya naɗa uku. Abin da ya biyo baya ba abin mamaki ba ne: ana neman ɗan shekara arba'in da wani abu ko hamsin don ya daɗe, alƙalai kuma suna auna lokacin saukarsu ya dace da mulkin shugaban da ra'ayinsu ya zo ɗaya.

Da can ba haka zafin yake ba. A 1986 an amince da Antonin Scalia da ƙuri'a 98 babu mai adawa ko ɗaya, a 1993 Ruth Bader Ginsburg ta samu 96 a kan 3, alhali ra'ayin mutanen biyu hannun riga ne. A tsakanin nan, a 1987, majalisar ta ƙi Robert Bork da ƙuri'a 58 a kan 42, kuma mutane da yawa daga nan suke fara lissafin rikicin. Ya kai maƙura a 2016: Scalia ya rasu a watan Fabrairu, Barack Obama ya gabatar da Merrick Garland a watan Maris, masu rinjaye a majalisar dattawa suka ƙi ko sauraronsa, wai shekarar zaɓe ce. A 2020 Ginsburg ta rasu a watan Satumba, jam'iyyar da ta faɗi waccan magana ta tabbatar da Amy Coney Barrett a ƙarshen Oktoba, saura kusan mako guda a yi zaɓe, da ƙuri'a 52 a kan 48. Tun 2017 kuma aka cire ƙa'idar da ke buƙatar sanatoci 60 kafin a rufe muhawara kan irin wannan naɗi, don haka jam'iyyar da ke da shugaban ƙasa da rinjayen dattawa ba ta buƙatar roƙon kowa.

Jamusawa sun dubi wannan matsala ta wata fuska. Kotun Tsarin Mulkinsu da ke Karlsruhe, wadda ta fara aiki a 1951, tana da alƙalai 16 da aka raba zaure biyu, kowane zaure mutum takwas. Majalisar dokoki ta tarayya ke zaɓar rabi, majalisar wakilan jihohi ta zaɓi rabi, kuma a kowanne sai an samu biyu bisa uku. Wa'adi ɗaya ne tak na shekara 12, babu sabuntawa. Ba a naɗa wanda bai kai shekara 40 ba, kuma in ya kai 68 zai sauka ko da wa'adinsa bai cika ba. A kowane zaure dole uku su fito daga manyan kotunan tarayya. Siyasa tana ciki tsundum, don jam'iyyu ne ke zama su raba wa ke da damar kawo sunan wannan kujera da waccan. Amma tunda babu jam'iyyar da ke da biyu bisa uku ita kaɗai, ba ka isa ka kawo mai tsattsauran ra'ayi ba, don abokin hamayyarka zai tare hanya. Shi ma alƙalin, tunda ya san ba za a sake naɗa shi ba, ba shi da dalilin yi wa kowa fadanci.

A ganina wannan tsari ya fi na Amurka lafiya, kuma ba don Jamusawa sun fi kowa halin kirki ba ne. Dokar ce ta tilasta musu sulhu. Yana da nasa rauni: idan majalisa ta rarrabu har aka kasa haɗa biyu bisa uku, kujera na iya daɗewa ba a cike ta ba. Su ma sun hango cewa yawancin waɗannan ƙa'idoji suna cikin doka ce ta gama-gari wadda rinjaye mai sauƙi zai iya sauyawa, shi ya sa a Disamban 2024 suka shigar da yawan alƙalan da wa'adinsu da iyakar shekaru cikin kundin tsarin mulki.

Faransa da Italiya sun raba ikon ne ta hanyar ba kowane ɓangare kasonsa. Majalisar Tsarin Mulkin Faransa tana da mutum tara: shugaban ƙasa ya naɗa uku, shugaban majalisar dokoki uku, shugaban majalisar dattawa uku, wa'adin shekara tara ba sabuntawa, kuma duk bayan shekara uku ake sauya uku. Ba sharaɗi ba ne mutum ya karanta shari'a, tsofaffin shugabannin ƙasa ma suna da kujera a ciki idan sun so. A Italiya alƙalai 15 ne: biyar na shugaban ƙasa, biyar na majalisa, biyar na manyan kotuna. Ka lura cewa a waɗannan ƙasashe da Jamus, kotun da ke fassara tsarin mulki daban take da kotun ƙarshe ta shari'o'in yau da kullum, saɓanin Amurka da Indiya da Najeriya inda kotu ɗaya ke ɗaukar kayan biyu.

Yanzu ga ɗaya gefen, inda aka ce tunda 'yan siyasa ba abin amincewa ba ne, a bar alƙalai su zaɓi kansu. Indiya ce ta fi kowa nisa a wannan, kuma tana da dalili. A 1973, kwana ɗaya bayan Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisa ba ta da ikon rusa ginshiƙan tsarin mulki ko da ta hanyar yi masa gyara ne, gwamnatin Indira Gandhi ta tsallake manyan alƙalai uku da suka goyi bayan hukuncin, ta naɗa A. N. Ray Alƙalin Alƙalai. Su ukun suka ajiye aiki. A 1977 aka sake tsallake H. R. Khanna, wanda shi kaɗai ya saɓa wa abokan aikinsa a shari'ar tsare mutane lokacin dokar ta-ɓaci. Shi ma ya sauka. Wannan tabo bai warke ba. Kundin tsarin mulki ya ce shugaban ƙasa ya naɗa bayan ya tuntuɓi Alƙalin Alƙalai, sai kotun a hukuncinta na 1993, da ƙarin bayani a 1998, ta ce ra'ayin ɓangaren shari'a shi ne gaba. Daga nan Alƙalin Alƙalai da manyan alƙalai huɗu da ke biye da shi suka zama su ke fitar da sunaye. Gwamnati na iya mayar da suna a sake dubawa, amma in suka nace, a ƙa'ida dole ta karɓa.

A 2014 majalisar Indiya ta yi wa tsarin mulki gyara don kafa hukumar naɗi da za ta haɗa alƙalai da ministan shari'a da wasu fitattun mutane biyu. A Oktoban 2015 Kotun Ƙoli ta soke gyaran, alƙalai huɗu a kan ɗaya. Wato alƙalai ne suka yanke hukunci a shari'ar da ta shafi ikonsu na naɗa alƙalai, kuma suka ba kansu gaskiya. Ban ce hukuncin ba shi da hujja ba, amma ka ga inda gizo ke saƙa. Tsarin ya kare kotu daga gwamnati, amma ana zargin sa da yin komai a ɗaki a rufe da fifita 'ya'ya da 'yan uwan manyan alƙalai da lauyoyi. Ita kuma gwamnati ta gano nata makamin: ba ta cewa a'a, sai ta danne takarda wata da watanni har mai sunan ya gaji ko girmansa a jerin aiki ya zube. Sannan tunda Alƙalin Alƙalai ana bin girma ne kuma kowa na ritaya a shekara 65, wasu shekara ɗaya kawai suke yi, akwai ma wanda bai cika wata guda ba a 1991.

Birtaniya ta bi tsakiya. Kotun Ƙolinta sabuwa ce, a Oktoban 2009 ta fara zama bisa dokar 2005, kafin nan wani kwamiti ne a cikin majalisar dattawan ƙasar ke yanke hukuncin ƙarshe. Alƙalai 12 ne. Idan an samu gurbi, tallata shi ake yi kamar kowane aiki, mai so ya nema. Sai a kafa kwamitin zaɓe na wannan gurbin kaɗai, wanda ya ƙunshi shugaban kotun, da wani babban alƙali, da wakili ɗaya-ɗaya daga hukumomin naɗin alƙalai na Ingila da Wales, da Sikotilan, da Arewacin Ayalan, kuma dole a samu wanda ba lauya ba a cikinsu. Suna ɗaya suke miƙa wa ministan shari'a. Yana iya karɓa, ko ya ce a sake dubawa, ko ya ƙi, amma sai ya bayar da dalili a rubuce, kuma ba shi da damar kawo nasa. Majalisa ba ta tantance kowa. Ba dole ne mutum ya zama alƙali na dindindin ba tukuna: Jonathan Sumption daga aikin lauya ya shigo kai tsaye a 2012. Ritaya a shekara 75 ce.

Afirka ta Kudu da Kenya sun ɗauki tsarin hukuma amma suka buɗe ƙofa. A Afirka ta Kudu, hukumar da ke tantancewa ta haɗa alƙalai da lauyoyi da malamin jami'a da 'yan majalisa, har da na adawa, kuma ana yi wa masu nema tambayoyi a gaban kyamara. Idan gurbi ɗaya ne a Kotun Tsarin Mulki mai alƙalai 11, sai ta ba shugaban ƙasa suna huɗu ya ɗauki ɗaya. Kenya ma tun kundin 2010 a fili ake tantance alƙalan Kotun Ƙolinta bakwai. Ta wannan hanya aka samu Willy Mutunga a matsayin Alƙalin Alƙalai a 2011, mutumin da bai fito daga jerin alƙalai ba. Kotun ce kuma, a ƙarƙashin David Maraga, ta soke zaɓen shugaban ƙasa a ranar 1 ga Satumban 2017, zaɓen da shugaba mai ci ya lashe.

Najeriya ta haɗa na Amurka da na Indiya wuri guda. Kundin 1999 ya ce Kotun Ƙoli ta ƙunshi Alƙalin Alƙalai da wasu alƙalai da ba su wuce 21 ba. Hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta tarayya ke tace sunaye ta miƙa wa majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, wadda aka fi sani da NJC, ita kuma ta ba shugaban ƙasa shawara, shi ya naɗa, majalisar dattawa ta tabbatar. Sharaɗi shi ne mutum ya kai shekara 15 da zama lauya, ritaya kuma a shekara 70. Kundin ya kuma buƙaci a kula da samun masana shari'ar Musulunci ta zamantakewar iyali da masana dokokin gargajiya a cikin alƙalan, ga kuma batun daidaito tsakanin shiyyoyi. A takarda matakai huɗu ne. Amma Alƙalin Alƙalai shi ke shugabantar hukumomin biyu na farko, shi ke kuma naɗa mafi yawan mambobin NJC, don haka nauyin ya taru a hannu ɗaya fiye da yadda ake tsammani. Doka ta ba da damar ɗauko lauya ko malamin jami'a kai tsaye, kamar yadda aka yi da Teslim Elias a 1972 da Augustine Nnamani a 1979, amma an daɗe ana ɗaukowa daga Kotun Ɗaukaka Ƙara kawai. Jinkiri ma matsala ne: a ƙarshen 2023 alƙalan sun ragu zuwa 10, sai a Fabrairun 2024 aka rantsar da 11 a rana ɗaya.

Akwai masu cewa a bar talakawa su zaɓa. Bolibiya na yin haka tun 2011. Meziko ta bi sahu bayan gyaran 2024: ta rage alƙalan Kotun Ƙoli daga 11 zuwa 9, aka yi zaɓe a ranar 1 ga Yunin 2025, kusan kashi 13 cikin ɗari na masu rajista ne kawai suka fito. Ni ban gamsu da wannan hanya ba. Mai zaɓe bai san 'yan takarar ba, don haka wanda ya tsara jerin sunayen da wanda ke da jama'ar da zai fitar ranar zaɓe su ne masu naɗin na gaskiya. Jafan ta yi wani abu mai sauƙi: majalisar ministoci ke zaɓar alƙalai 15, sannan a babban zaɓen da ya biyo baya a tambayi jama'a ko a cire wani. Ba a taɓa cire kowa ta haka ba.

Sai tambayarka ta biyu. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma duk waɗannan tsare-tsare ƙoƙari ne na ganin alƙali bai ci ladan kowa ba, ko in ya ci, mai ladan ba shi da yadda zai yi da shi. Abu uku ke ba shi wannan 'yanci: ba za a iya korarsa cikin sauƙi ba, ba za a rage masa albashi ba, kuma ba ya jiran wani alheri daga wanda ya naɗa shi. In waɗannan suka tabbata, alƙalai kan ba masu naɗa su mamaki. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta umarci Richard Nixon ya miƙa faifan maganganun da ya naɗa a ofishinsa, babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa, kuma uku daga cikin takwas ɗin da suka yanke hukuncin shi ya naɗa su. Bai kai mako uku ba ya sauka daga mulki. Na uku cikin sharuɗɗan nan shi ne ya fi wuyar tsarewa. Inda alƙali ke ritaya da sauran ƙarfinsa kuma gwamnati ke da muƙaman da take raba wa tsofaffin alƙalai, hukuncin shekararsa ta ƙarshe ya cancanci a sa masa ido.

Mai mulkin da kotu ta dame shi kuwa ba kasafai yake jiran gurbi ba. Ya kan ƙara kujeru ne. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya gwada a 1937, ya nemi a ba shi damar ƙara alƙali ɗaya a kan kowane alƙalin da ya haura shekara 70, har zuwa shida, amma 'yan jam'iyyarsa ma suka juya masa baya. Carlos Menem a Ajantina ya yi nasara a 1990, daga biyar zuwa tara. A Benezuwela a 2004 aka tashi daga 20 zuwa 32. In ba ƙari ba, sai rage shekarun ritaya: Hungari ta sauke na alƙalanta daga 70 zuwa 62 a 2012, Folan ta sauke na Kotun Ƙoli daga 70 zuwa 65 a 2018, abin da ya shafi fiye da kashi ɗaya bisa uku na alƙalan kotun, kuma duka biyun kotun Tarayyar Turai ta ce sun saɓa doka. Wasu kuma ba sa ma wahalar da kansu da dabara. Pervez Musharraf ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Iftikhar Chaudhry a Pakistan a 2007, lauyoyi suka cika tituna har aka mayar da shi. Mamadou Tandja ya rusa Kotun Tsarin Mulkin Nijar ɗungurungum a Yunin 2009 bayan ta ƙi amincewa da ƙuri'ar raba-gardamar tazarce. Shi ya sa nake cewa ƙasar da ta rubuta hanyar naɗi mai kyau amma ta bar adadin kujeru da shekarun ritaya a hannun rinjaye mai sauƙi, ba ta gama aikin ba.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce aka fi yin watsi da ita. A'a, ba su kaɗai ke karantawa ba. A Amurka kowane alƙali yana da mataimaka huɗu, matasan lauyoyi da suka yi fice a makaranta kuma yawanci sun riga sun yi aiki da wani alƙali a ƙasa. Shekara ɗaya suke yi. Dubban buƙatun ɗaukaka ƙara ke shigowa duk shekara, kotun kuma sittin zuwa saba'in kawai take saurare. Tun farkon shekarun 1970 yawancin alƙalan suka haɗa mataimakansu wuri guda, mutum ɗaya ya karanta buƙata ya rubuta taƙaitaccen bayani da shawara ga kowa. Sai alƙalai huɗu cikin tara sun yarda ake karɓar ƙara. Ka ga ke nan yaro ɗan shekara ashirin da wani abu shi ne idon farko da ke ganin takardarka, kuma sau da yawa shi ke rubuta daftarin farko na hukunci. Wannan aiki ya zama tsani: John Roberts ya yi wa William Rehnquist aiki, kuma shi ya gaje shi a 2005. Ketanji Brown Jackson ta yi wa Stephen Breyer, ita ta gaje shi a 2022.

Jamus da Jafan ba su yarda da sababbin hannu ba. A Karlsruhe kowane alƙali yana da mataimaka huɗu, amma galibi alƙalai ne ko ƙwararrun jami'ai da aka aro daga wasu kotuna na 'yan shekaru, kuma tasirinsu ya sa ana yi musu ba'a da cewa su ne zaure na uku. Koken da jama'a ke kawowa kuma ƙananan kwamitoci na alƙalai uku-uku ne ke tace mafi yawansu. A Jafan masu binciken kotun gogaggun alƙalai ne da suka yi shekaru a bakin aiki, kuma kotun suke yi wa aiki gaba ɗaya, ba wani alƙali guda ba. Bayan waɗannan akwai babban magatakarda da ma'aikatansa masu karɓar takardu da tsara ranakun zama, da masu kula da ɗakin karatu, da masu tace hukunci kafin a buga, da jami'an tsaro. Fayil ɗin da ya ɓace ko ya kwana a ƙasan tari a ofishin rajista yana iya kashe shari'a ba tare da wani alƙali ya ce uffan ba.

Yawan ma'aikatan da kotu ke buƙata ya danganta da ko tana da ikon zaɓar abin da za ta saurara. Alƙalai tara sun ishi Amurka ne don suna iya ƙin kusan komai ba tare da bayar da dalili ba. Indiya ta fara da alƙalai takwas a 1950, a 2019 aka kai adadin zuwa 34, amma har yanzu dubun-dubatar ƙararraki ne ke jira, don ƙofarta a buɗe take. Najeriya ma shari'ar fili da ta sarauta da ta zaɓen gwamnoni duk suna iya kaiwa har sama. Kotun da ke da irin wannan lodi ba za ta iya zama gaba ɗayanta ba, dole ta rarrabu. A Najeriya biyar ke zama, bakwai idan batun fassarar tsarin mulki ne. A Birtaniya biyar ne a al'ada, amma 11 suka zauna a shari'ar dakatar da majalisa a 2019. A Indiya biyu ko uku ne ke yanke mafi yawan shari'o'i.

Da zarar kotu ta rarrabu haka, sai wani sabon iko ya bayyana wanda kundin tsarin mulki ba ya cika ambata: wa ke cewa wane da wane ne za su saurari wannan shari'a? A Jamus ana tsara rabon aiki tun kafin shekara ta fara, bisa ƙa'idar da aka rubuta, don kada a zaɓo wa wata ƙara alƙalinta. A Indiya da Najeriya wannan na hannun Alƙalin Alƙalai ne. A Janairun 2018 manyan alƙalai huɗu na Kotun Ƙolin Indiya, waɗanda ke biye da Alƙalin Alƙalai a girma, sun kira taron manema labarai, abin da ba a taɓa yi ba, suka koka cewa ana tura shari'o'i masu nauyi ga zaɓaɓɓun alƙalai ba bisa wata ƙa'ida da aka sani ba. Ɗaya daga cikin su huɗun, Ranjan Gogoi, shi ya zama Alƙalin Alƙalai a watan Oktoba na wannan shekarar, kuma ikon rabon shari'o'in ya ci gaba da zama a ofishin yadda yake.